Mabuɗin Akwatina A Aljihun Wani

Ran nan Malam Edita ya tare ni a bakin ɗakin karatu, ya ce lalle bana sai na ba shi abin da zai sa a shafin Hausa, ko da labarin Gizo da Ƙoƙi ne. Na ce masa ba ni da na Gizo, amma ina da na wani wawa wanda ya sayi akwati, ya sa masa kwaɗo, sa'an nan ya miƙa mabuɗin ga mutumin da ko sunansa bai sani ba. Ya ce, "To, wane ne wawan?" Na ce, "Ga shi tsaye gabanka." Shi ne ya ce in rubuta. To, 'yan'uwana ɗalibai, ga labarin, wanda zai yi dariya ya yi, amma ya karanta har ƙarshe.

Ni dai mutumin wani ƙauye ne kusa da Kaltungo. A makarantar mishan na yi firamare da sakandare, na gama cikin 2019. Mahaifina ya rasu tun ina ƙarami, Mama ce ta riƙe mu da noman gyaɗa da tuyar ƙuliƙuli. Shekara huɗu na yi a gida, da damina ina gona, da rani ina taimakon malamai a makarantar da na fito, har na tara kuɗin jarrabawar JAMB, na zauna ta cikin 2023, Allah Ya ba ni sa'a aka ɗauke ni a wannan kwaleji. Kun kuwa tuna irin shekarar. Ran 29 ga watan Mayu aka janye tallafin mai, kafin in shigo Gombe kuɗin mota daga garinmu ya ninka har da ɗoriya. Kuɗin makaranta na shekarar farko ɗan maraƙinmu ne ya biya shi. Da aka ja shi zuwa kasuwa babu sauran abin da ya rage a turke sai igiya.

Tun muna aji ɗaya muke jin labarin rancen ɗalibai. Dokar farko, wadda Shugaba Tinubu ya sa wa hannu cikin watan Yuni 2023, ba ta yi mana wani amfani ba. Ta ce sai wanda abin da gidansu ke samu bai kai N500,000 a shekara ba, wannan kam ban da damuwa, mun cika sharaɗin har mun yi saura. Amma ta ce kuma sai ka kawo mutum biyu su tsaya maka, irin su ma'aikacin gwamnati mai mataki na 12 ko sama, ko lauyan da ya shekara 10 yana aiki, ko alƙali. Wanda ya san manyan mutane biyu irin waɗannan har za su sa masa hannu, ai da wuya a same shi cikin masu neman rance. Ran 3 ga Afrilu 2024 aka sa hannu a sabuwar doka wadda ta soke sharuɗɗan nan biyu, ran 24 ga Mayu kuwa asusun da ake kira NELFUND ya buɗe shafinsa na intanet, aka fara da makarantun gwamnatin tarayya, daga baya na jihohi suka biyo.

Gardamar da aka sha a ɗakunan kwananmu ba ta faɗuwa. Waɗansu suka ce gwamnati ba ta taɓa ba talaka abu ba tare da ƙugiya a ciki ba. Waɗansu suka ce ran da ka gama makaranta 'yan sanda za su biyo ka har gida. Abokin ɗakina, wani Bafillace mutumin Dukku, abin da ya dame shi ɗaya ne, watau ko akwai riba. Sai da ya karanta ƙa'idodin da kansa, ya je ya tambayi malaminsa, ya tabbata abin da ka ci shi za ka biya, babu ƙarin ko kwabo, sa'an nan hankalinsa ya kwanta. Ni kuwa tsoro ya hana ni a shekarar farko. An tashe mu a gidan da ake ganin bashi kamar kuturta. Amma da shekara ta biyu ta zo, na duba turke na ga igiya, sai na ga tsoro ba ya biyan kuɗin makaranta.

Ga yadda abin yake, domin waɗanda suka shigo bana. Makaranta ce za ta fara aika wa asusun sunayen ɗalibanta. Kai kuma ka shiga shafin ka buɗe naka akwatin da lambar JAMB, da lambar ɗan ƙasa, watau NIN, da lambarka ta makaranta, da adireshin imel, da kalmar sirri wadda za ka zaɓa. Bayan wannan sai ka sa lambar BVN da lambar ajiyarka ta banki, sa'an nan ka cika takardar neman rancen. Rancen kashi biyu ne. Kuɗin makaranta ba ya biyowa ta hannunka, kai tsaye ake biyan makaranta. Na guzuri kuwa, N20,000 a wata, shi ke faɗawa ajiyarka in ka nema. Duk abin da ke cikin akwatin nan, mabuɗinsa biyu ne kawai, imel da kalmar sirri. Wannan shi ne abin da ban gane ba.

A farkon watan Maris 2025, ana cikin azumi, na tafi wani shagon intanet ba nisa da kwaleji, domin wayata 'yar ƙarama ce mai tocila, ba ta san intanet ba. Na tarar da layi har waje. Da layi ya zo kaina mai shagon ya ce, "Malam, imel ɗinka?" Na ce akwai wani da aka buɗe mini lokacin JAMB, amma na manta yadda ake shigarsa. Ya ce, "Ba komi, sai in buɗe maka sabo." Yatsunsa suna gudu bisa kwamfuta kamar kaji sun sami tsaba. Ya karɓi lambobina duka, ya rubuta wani abu cikin wani littafi, ya ɗan tsaya ya yi tsaki ya ce sabis ba kyau, sa'an nan ya buga mini wata takarda mai sunana da tambarin asusun a sama. Na biya N1,500, na naɗe takardar na sa cikin aljihu, na fito ina jin kaina kamar wanda ya riga ya karɓi albashi. Ban tambaye shi imel ɗin ba, ban tambayi kalmar sirrin ba. Ni da nake koyon yadda zan hana yara kwafar amsa ba su gane ba!

Mako ya bi mako. Cikin Afrilu abokin ɗakina ya duba nasa a wayarsa, ya ga an amince. Na ce ya duba mini nawa. Ya ce, "Kawo imel da kalmar sirri." Na zaro takardata na miƙa masa. Ya juya ta gaba da baya, ya dube ni, ya ce, "Malam, wannan ai hoton ƙofa ne, ina mabuɗin?" Ban ko tsaya sa takalmi sosai ba na nufi shagon. Da isata sai na ga wani wanzami na zamani yana yi wa yaro aski a wurin. Ya ce mai kwamfuta ya tashi tun bayan Ƙaramar Salla, kuɗin haya da na man janareto sun kore shi, bai san inda ya koma ba.

Da wannan nauyi na tafi gida hutun Ista. Ban yi niyyar gaya wa Mama ba, amma uwa ba a ɓoye mata ciwo. Da dare, bayan ƙannena sun kwanta, ta ce, "Ɗana, tun da ka zo ba ka cinye tuwonka ba." Na kwashe labari na gaya mata. Ba ta san imel ba, ba ta san shafi ba, amma ta gane ba a biya kuɗin makaranta ba, jarrabawa kuma tana tafe. Ta yi shiru, can ta ce za ta jinginar da gonar fadama, akwai wanda ya daɗe yana nema. Gonar nan ita ce abincin gidanmu, ga damina a bakin ƙofa, wanda kuwa ya karɓi jingina shi zai noma ta har ran da aka fanshe ta. Na san gonaki nawa a ƙauyenmu suka tafi jingina tun ina yaro ba su komo ba har yau. Na durƙusa na ce, "Mama, ki ba ni wata guda." Ta ce, "Ruwa ba ya jiran wata guda." Muka tsaya a kan mako uku.

Kashegari na je gai da ƙanen kakana, wanda duk gari ke kira Baba Malam, ya haura shekara tamanin. Tun 1917 'yan mishan na SIM suka zauna a Kaltungo, shi kuwa yana cikin waɗanda suka horar suka zama malamai kafin yaƙin basasa. Ya saurare ni yana murmushi. Ya ce su a zamaninsu ba a ba su rance ba, ci da kwana da littattafai duk kyauta, har da 'yan sulalla na sabulu, amma sai ka sa hannu a takardar alkawari cewa za ka koyar shekara kaza a duk inda aka tura ka. "Mu da ƙafafunmu muka biya, ku da aljihu za ku biya, duka dai bashi ne." Shi ne ya ba ni labarin da ban taɓa ji a aji ba, cewa tun 1972, zamanin Janar Gowon, aka kafa hukumar ba ɗalibai rance a ƙasar nan, ta ba mutane da yawa, amma da yawansu suka ci suka goge baki har ta durƙushe. Cikin 1993 aka sake yin dokar kafa bankin ilmi, shi ma bai je ko'ina ba. Ya ce, "A da, mai bin bashi ba ya sanin inda ka shiga. Yanzu lambobin nan da kake kuka da su, ai su ne igiyar da aka ɗaura maka a ƙafa." Na yi ta tunanin maganar nan a mota tun daga Billiri har Kumo.

Da komowata Gombe na shiga neman mai shago. Wanzami ya tura ni wurin mai gidan haya a Jekadafari. Mai gidan haya ya ce shi ma nemansa yake, akwai sauran kuɗin wata biyu. Wani mai cajin waya ya ce ya gan shi a Tashar Dukku. A Tashar Dukku aka ce ai wannan wani ne dabam, mai kama da shi. Na bi Bolari, na bi Herwagana, na kutsa layin masu waya a kasuwa ina kwatanta mutum da tsawonsa da tabon da ke goshinsa, kamar mai cigiyar akuya. Wanda ya san ranar Gombe ta ƙarshen Afrilu ya san abin da nake faɗi. Kuɗin Keke Napep ya ƙare na koma tafiya a ƙasa, takalmina ya tsinke na ɗaure da waya. Na rasa darasi biyar. Ran kwana na tara wani yaro mai tallan ruwa ya ce ya san shi, yana Pantami yana sana'ar POS ƙarƙashin wata laima.

Ina tafe ina shirya baƙaƙen maganganun da zan faɗa masa. Da ya gan ni sai ya tashi ya ba ni kujerarsa, ya saya mini ruwan sanyi, ya ce, "Malam, ka yi haƙuri, wallahi ba da nufi ba ne." Duk maganganuna suka zube. Ya bar wa ƙanensa laimar, ya kai ni gidansu, ya shiga ya fito da littafin nan. Littafin rubutu ne irin na 'yan firamare, bangonsa ya cire, wani yaro ya yi zanen mota a shafin farko. Ya fara buɗawa yana neman sunana, ni kuwa ina leƙe ta kafaɗarsa, sai jikina ya yi sanyi. Kowane shafi mutum guda: suna, ranar haihuwa, lambar JAMB, NIN, BVN, lambar ajiya, imel, kalmar sirri. Na ga sunayen mutanen da nake cin abinci da su kullum. Kalmar sirrin kuwa kusan iri ɗaya ce ga kowa, sunan mutum da 1234. Na ƙirga shafi 37.

Mutumin nan ba ɓarawo ba ne, na yarda da wannan har zuciyata. Amma littafin yana kan taga, a gidan haya mai ɗaki takwas. Da ya faɗa hannun wani mugu, ba abin da zai hana shi shiga imel ɗin kowa, ya shiga akwatin kowa, ya yi ƙoƙarin karkatar da guzurin mutum, ko ya kira shi a waya ya ce daga banki ne, ya karanto masa BVN ɗinsa da ranar haihuwarsa don ya yarda, sa'an nan ya nemi lambar da aka turo masa. Bashin kuwa yana nan a kan mai suna. Na roƙe shi ya yage mini shafina, ya yage ya ba ni.

A nan tsakar gidan muka shiga akwatina da wayarsa. Ashe ba a taɓa aika takardar neman rancen ba. An buɗe akwati, an tsaya a wurin BVN. Tsakin nan da ya yi ran nan, ba sabis ba ne, sunan da ke banki ne ya ƙi dacewa da wanda ke kan NIN. Ya ce ya yi niyyar sake gwadawa da dare, layi ya sha kansa ya manta. Wata biyu ina jiran amsar wasiƙar da ba a jefa a gidan waya ba.

Wannan laifin kuwa ba na kowa ba ne sai nawa. Mu 'yan makarantar mishan mun san wannan ciwo. Mutum yana da sunan da kakarsa ta raɗa masa da yarensu, yana da na baftisma yadda Littafi Mai Tsarki na Hausa ya rubuta shi, yana da shi kuma yadda Turawa ke faɗinsa. Wanda ke Bulus a gida shi ne Paul a allo, Yohanna ya zama John, Ishaku ya zama Isaac. Nawa ba zan faɗa ba, kada 'yan ajinmu su sami abin tsokana. A katin ɗan ƙasa na Hausar aka rubuta, tun 2021 kuwa JAMB daga NIN take ɗauko sunan mutum, saboda haka takardun kwaleji duk suka bi wannan. Amma ran da na je buɗe ajiya a banki cikin 2019, ina ɗan shekara goma sha tara, na sa farar riga na soke ta cikin wando, sai na ga sunan Hausa bai dace da wurin mai sanyi irin wannan ba. Na faɗi na Turanci, na kuma sa sunan kakana a madadin na mahaifina don ya fi daɗin faɗi. Malamin rijista na da, in ya ga haka, zai dube ka ya ce ai ɗan wane ne, ya wuce. Kwamfuta ba ta san ɗan kowa ba. A wurinta mutum biyu ne, ɗaya yana makaranta, ɗaya yana da ajiya.

Gyaran ya ci mako uku. Na je kotu na yi takardar rantsuwa cewa mai sunan nan da mai wancan duk ni ne, na kai banki tare da takardar NIN, na cika fom, aka ce in jira. Wa'adin da Mama ta ba ni ya cika ina cikin jira. Na kira ta ta wayar maƙwabcinmu na ce, "Mama, an ga mabuɗi, saura ƙofa." Ta ce an yi ruwan fari shekaranjiya, mai neman gonar ya zo har sau biyu. Na ce ta ƙara mini kwana goma. Na ji ta yi ajiyar zuciya, ta ce, "To, zan ce masa ina shawara da 'yan'uwan mahaifinka."

A ƙarshen Mayu sunan ya daidaita. Wannan karon da hannuna na cika komi, a wayar abokin ɗakina, yana zaune gefena yana karanto mini lambobi ina dubawa sau biyu. Kafin wannan sai da na sake kalmar sirrin imel, na cire lambar wayar mai shago na sa tawa, na sake ta akwatin rancen ita ma. Na buga shaidar cewa na nema na kai ofis, aka dube ni da idon rahama aka bar ni na zauna jarrabawa. Mama ta sallami mai jingina, ta shuka gyaɗarta. Cikin Yuli aka biya kwaleji. Guzurin farko kuwa ya same ni ina tsaye gaban 'yan ajinmu ina gwajin koyar da rabawa, 'yar wayata ta yi ƙara a aljihu. Na san ko mene ne, na raba 84 da 7 na sami 14, malaminmu ya rage mini maki biyu.

N20,000 ba ta da yawa, kowa ya san kuɗin mudun shinkafa. Nakan sayi garin masara da wake da manja tun ran da ta shigo, in ware na buga takardu da na sabulu, in ajiye dubu biyu. Da ajiyar nan da kuɗin aikin hutu na sayi tsohuwar waya mai intanet, yanzu duk ran Asabar nakan shiga in duba akwatina, ko da ba abin da ya sake. Rancen ba ya sabunta kansa, kowace shekarar karatu sai ka sake nema, na bana tun makon da aka buɗe na cika.

Na kuma sayi nawa littafin, amma ba kalmar sirri a ciki. Abin da ya shigo nake rubutawa, da ranarsa, domin kuɗin da ke zuwa da ƙarar waya yana da saurin sa mutum ya manta bashi ne. Doka ta ce biya yana farawa shekara 2 bayan gama bautar ƙasa, ana cire kashi 10 cikin 100 na albashi tun daga wurin mai biyanka, mai sana'ar kansa kuwa kashi 10 na ribarsa. Mu masu NCE ba mu zuwa bautar ƙasa sai mun ƙara digiri, saboda haka ni ban jingina da wannan ba, na ɗauka daga ran da albashi ya fara shigowa an fara bina. Na yi lissafin a bayan littafin. A ce bashin mutum N300,000 ne, yana karɓar mafi ƙarancin albashi na N70,000 wanda aka tsayar cikin 2024, za a riƙa cire N7,000 a wata, watau wata 43, shekara uku da wata bakwai ke nan. In kuwa makarantar kuɗi ta ɗauke shi a kan N30,000, kamar waɗansu da na sani a garin nan, sai ya yi wata 100 cur. Da na nuna wa Baba Malam lissafin a hutun Kirsimeti, ya ce tasu takardar alkawarin ba ta kai haka tsawo ba. Mama kuwa tambayarta ɗaya, wai wane ne mutumin nan da ya ranta mini, ta aika masa da man gyaɗa.

Saura magana ɗaya, ita ce ma ainihin abin da ya sa na yarda da roƙon Malam Edita. Na koma Pantami sau biyu. Mutumin ya ɗauke littafin daga taga ya kulle a akwatinsa, amma ya ƙi ƙona shi, ya ce in ya ƙona, masu shi suka zo nema fa? Gaskiyarsa. Mutum 11 na kai sun karɓi shafinsu, saura 25. In ka san a shagon nan da ya koma na aski aka buɗe maka, kuma ba ka taɓa shiga akwatinka da hannunka ba, same ni bayan cin abincin dare, ɗaki na uku daga famfo. Ran Asabar da safe za mu tafi, kowa ya zo da kuɗin motarsa.